Ƙaramin Kwanon Baba

Tsamiya, ta Bunkure
Ranar Talata

Baban Ilham,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Ya Legas, ya kasuwa, ya zaman garin mutane? Mu nan muna lafiya. Tarin Ilham ya tafi, ta koma ɓarnarta. An sako ruwa a kanal, tumatirin Baba na bakin gada ya fara ja, albasa ce dai har yanzu take jan ƙafa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun Mudassiru direba. Ka san wayata ta mutu, ta Baba ce kaɗai a gidan. In ka kira ya miƙo mini, yana nan zaune a kan tabarmarsa yana jin komai. Me zan ce a gaban surukina ban da lafiya lau? Shi ya sa na ce bari in aiko da takarda ta motar tumatir.

Maganar jikin Baba ce. Wajen ɗinkin ya warke sarai. Amma ka tuna abin da Sista Sa'adiyya ta gaya mana ranar sallama, ita nas ɗin da aka damƙa wa bibiyar waɗanda aka yi wa aikin ciwon daji na ciki. Ta ce an yanke mafi yawan tumbinsa, abin da ya rage bai fi kofin shayi ba. Ta ce ya riƙa ci kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini, ya tauna sosai, kada ya kora da ruwa nan take, kuma ya yi nesa da zaƙi. Har ƙaramin kwano na saya don haka. Da hantsi in sa masa dafaffen ƙwai, can anjima wake mai laushi ko ɗan kifi. To kwanon nan yadda na kai shi haka yake dawowa. Da na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, ba a taɓa ba," sai ya ce, "Zuliha, ni yaron yaye ne da za a riƙa bi na da kwano? Dattijo da ciye-ciye, mutane su ce me?"

Sannan ya koma fita ciyayya. Da an idar da Magariba zai sa a fitar da babban akushinsa ƙofar gida, su zauna da su Malam Muhammadu Sani, kowa da tuwon gidansa, a haɗa a ci kamar yadda suka saba tun ba a haife mu ba. Akushin yana dawowa wayam. Sai dai shi yana shigowa sharkaf da gumi, ya kwanta, kuma yakan ɗan daɗe a baya. Ka dai gane.

Sista tana kiransa duk mako, ina ji daga madafa. Ya jiki? Da sauƙi. Abinci fa? Alhamdu lillahi. Daga nan sai ya shiga tambayarta mutanen gidansu.

Ka yi masa magana, kai ɗansa ne. Ranar komawa asibiti ma ta matso.

Matarka,
Zuliha

Kasuwar gwari, Legas
Ranar Asabar

Maman Ilham,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya ƙalau, sai kewar miyarki, don abin da suke kira miya a nan barkono ne zalla da manja. Ki shafa mini kan Ilham. Kasuwa ta cika maƙil, kaya sun yi yawa, ko numfashi ba ma yi.

Wallahi tun da aka shiga da Baba ɗakin tiyata ban yi murna irin ta ranar da takardarki ta zo ba. Baba a ciyayya! Akushi wayam! Sai da na karanta wa mutanen rumfarmu wurin nan, suka yi ta Allah ya ƙara sauƙi. Ke ba ki san yadda abin yake ba, don ba a gidan kika tashi ba. Tun ina yaro ban taɓa ganin an zauna ciyayya babu akushin Baba a tsakiya ba, ko shekarar da shinkafa ta ƙone. Lokacin da ciwon nan ya kama shi, abinci ya ƙi zama, ba ramar ce ta fi ƙona masa rai ba, jin muryoyinsu a waje ne yana kwance a ɗaki. Yanzu Allah ya mayar da shi cikin 'yan uwansa, ke kuma kina ƙorafin ƙaramin kwano. Haba likitar gidanmu!

Gumin da kika ce, ai ciwo ne yake fita. Ni ma da na yi zazzaɓi a nan sai da na jiƙe riga sannan na miƙe. Mutumin da ya ci ya ƙoshi kuma dole ya zaga, ban ga abin damuwa ba.

Sista Sa'adiyya ta kira ni shekaranjiya, tana da lambata. Ta ce amsar Baba kullum iri ɗaya ce, tana so ta ji daga bakin wani. Na ce ta kwantar da hankalinta, daga gida aka rubuto mini, yana cin abincinsa lafiya. Ta tambayi yawan abin da yake ci, na ce daidai misali. Ta nace sai an kai shi ranar da ta sa, ta auna nauyinsa, ta duba jininsa. Na ce mata hanya da wahala ga tsoho, ta bari kakar tumatir ta lafa in zo in kawo shi da kaina. Ba ta so ba, amma na lallashe ta. Na gaya wa Baba ma, ya ji daɗi ƙwarai.

Ga saƙo nan a wurin Mudassiru, sukari da madara da ganyen shayi da katan na lemo. A haɗa masa shayi mai kauri safe da yamma, ya mayar da jikinsa. Ki daina takura masa, Zuliha. Ki bar dattijo ya zama dattijo.

Mijinki,
Salisu

Tsamiya
Ranar Laraba

Baban Ilham,

Sallama da gaisuwa. Muna nan. Ilham lafiya. Saƙo ya iso, an gode.

Na karanta takardarka na zauna a bakin murhu na rasa abin da ke mini daɗi. Na rubuta maka da kunya, ka karanta da murna. To yau na ajiye kunyar, ka yi haƙuri da abin da za ka gani.

Baba ba ƙoshi yake yi ba. Yana zama cikin mutane, yana ganin hannunsu yana tafiya, shi ma ya bi sahu don kada a ce ya gaza. Loma irin tasu, sauri irin nasu, ya ɗora da ruwa. Kafin a kira Isha zai miƙe ya ce bari ya shiga ya sake alwala. Da ya wuce zaure sai ya dafa bango. Gumi, jiri, ƙirjinsa yana bugawa har ana gani ta saman riga. Sannan gudawa. Ba ɗan daɗewa a baya ba, Baban Ilham, gudawa ce kamar an buɗe famfo, kuma ba kullum yake kaiwa ba. Da safe nakan tarar da wandonsa a shanye a bayan rumbu, ya wanke da kansa don kada in gani. Mutumin da ko hularsa bai taɓa wankewa ba.

Saboda tsoron haka, yini guda ba ya sa komai a bakinsa, sai ya tara yunwar ya kai ta ciyayya. Masu dubiya kuma ba sa zuwa hannu sake, wannan fura da sukari, wancan kunun zaƙi, shi kuma ba ya iya mayar da hannun kyauta, sai ya kurɓa don mai kawowa ya ji daɗi. Lemonka da ka aiko, ya sha kwalba ɗaya don daga hannun ɗansa ta fito, ya yini a kwance. Na ɓoye sauran a ɗakina, in ka ga dama ka yi fushi.

Ya rame. Zariyar wandonsa yanzu zagaye biyu take yi. Amma ba wannan ne ya fi tayar mini da hankali ba. Baba ya sa a ransa cewa ciwon ne ya dawo. Bai faɗa ba, aikinsa ne ya faɗa. Ya ce wa Malam Muhammadu Sani ya ci gaba da ban ruwan gonar bakin gada, in tumatir ya nuna ya sa a tsinke, ba sai an tambaye shi ba. Jiya kuma ya kira ni ya ce in buɗe akwatin marigayiya Inna, akwai farin yadi a ƙasa, in fito da shi ya sha iska. Na fito da shi. Ga shi can a ninke a gefen katifarsa.

Ina jin tsoro. Ba zan iya tsayawa a gaban surukina in tambaye shi bayan gidansa ba, kai ma ka sani. Wadda aikinta ne ta tambaya, kai kuma ka ce mata ta jira tumatir. Ka kira ta ka warware maganarka, ko ka zo.

Zuliha

Tsamiya
Ranar Lahadi

Baban Ilham,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, don shirun ya yi yawa. Mudassiru bai dawo ba, an ce motarsa ta lalace a hanya, ban san ko takardata tana aljihunsa har yanzu ba. Wannan zan ba wani direban a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Ka kira ranar Juma'a, na ji Baba yana ce maka da sauƙi, ka ce a ba ni, na ce lafiya lau. Da na miƙa masa wayar na shiga ɗaki na yi kuka.

Na yi wani abu, gara ka ji daga bakina.

Ranar Alhamis wata tsohuwa ta kawo kunun gyaɗa da zuma, ya sha, abin ya taso masa da rana tsaka. Yana kwance a ɗaki wayarsa ta yi ƙara a kan tabarma. Na duba na ga sunan Sista. Na ɗauka. Da ta ce ya jikin Baba, bakina har ya buɗe zai ce da sauƙi, don haka aka koya mana. Sai na ce, "Sista, ni ce surukarsa, ina da magana."

Matar nan ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma yi salati ba. Tambaya kawai take yi, ɗaya bayan ɗaya. Yaushe abin yake zuwa, bayan ci ko kafin ci? Akwai jini? Akwai amai? Abinci yana tsaya masa a ƙirji? Kalar bayan gidan fa? Abin da ban taɓa zaton zai fita daga bakina game da mahaifinka ba, duk na faɗa, har maganar wandon. Ta ce abin da na kwatanta ya yi kama da abin da yake samun masu irin aikinsa in abinci mai yawa ko mai zaƙi ya zuba cikin hanji gaba ɗaya, kuma ana shawo kansa. Amma ta ce ba za ta yanke hukunci a waya ba, ramar ba ta yi mata daɗi ba, a kawo shi ba tare da jinkiri ba.

Da na juyo, Baba yana tsaye a bakin ƙofa riƙe da labule. Ya ji komai.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Na ɗauke ki 'ya, kika kwance ni a gaban 'yar mutane." Ya karɓi wayarsa. Tun daga ranar ba ya amsa gaisuwata sai da kai. Tuwon ciyayya ma ya ce a gidan Malam Muhammadu Sani za a riƙa yi masa. Asibiti kuwa ya ce ɗansa ya ce sai bayan tumatir, kuma shi ya riga ya san abin da ke jikinsa, ba sai wata yarinya ta auna shi a sikeli kamar buhun albasa ba.

Ban yi da-na-sani ba, amma gidan ya yi mini faɗi. In laifi na yi, ka zo ka hukunta ni, ka dai zo.

Zuliha

Legas
Ranar Alhamis

Zuliha,

Wa alaikumus salam. Lafiyar jiki dai ina da ita.

Takardunki biyu rana ɗaya suka iso, kuma ta biyun na fara buɗewa. Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci. Na ce matata ta ɗauki sirrin ubana ta miƙa wa baƙuwa. Har na fara rubuta miki abin da ba zai yi daɗin karatu ba. Sai na buɗe ta farkon, na kai wurin farin yadi. Yadin nan na san shi. Tare suka saya da Inna, aka yanki nata, nasa ya rage. Na zauna a kan kwandon da babu komai a ciki, ciniki yana wucewa ban sani ba.

Na kira Baba. Na ce, "Baba, don Allah ya jikin?" Ya ce da sauƙi. Na ce na ji ba haka ba. Ya ce, "Mata ne da tsoro." Sai ya tambaye ni farashin kwando. Ni kuma na gaya masa farashin kwando, Zuliha. Ban iya ba. Abin da kika faɗa wa Sista, ni ɗansa na cikinsa ban iya furta rabinsa a kunnensa ba.

Na kira Sista Sa'adiyya na ce ta manta da maganar tumatir. Ta ce duk ranar da aka kawo shi za ta gan shi, ko ba ranar layinsa ba ce. Ta kuma ce wani abu da ya tsaya mini a rai. Ta ce dattawa irin Baba sun fi ba ta tsoro a kan masu raki, don mai raki yana zuwa da wuri.

Maigidana ya tafi gida jana'iza ya bar mini rumfa da kayan mutane, ba ni da halin motsi sai ya dawo. Don haka na kira Malam Muhammadu Sani na gaya masa duka, ban rage ba. Sai ya ce, yana kiran Baba da sunansa, "Mu muna ta ƙara masa loma, muna cewa Sammani ya dawo." Ya ce in bar masa.

Ban san abin da zai yi ba. Ki dai shirya kayan tafiya ki ajiye. Lemon kuma ki rabar wa yara.

Salisu

Tsamiya
Ranar Juma'a

Baban Ilham,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya jiran maigida? Ilham tana gaishe ka. An tsinke tumatirin bakin gada, ya yi kyau.

Mun je asibiti makon jiya. Bari in gaya maka yadda aka yi, don daga zaure na leƙa na gani.

Ranar da ka yi waya da Malam Muhammadu Sani, aka fito da kwanuka bayan Magariba kamar kullum. Baba ya wanke hannu, ya yi bismilla, ya buɗe akushi. Babu wanda ya miƙa hannu. Dattawan nan duka suna zaune, kwanukansu a rufe. Baba ya ce lafiya? Malam ya ce, "Sammani, mun yi shawara. Ba mai sa hannu a tuwon nan sai ka ce gobe za mu Kano asibiti." Baba ya ce wasa suke. Tuwo yana hucewa, miya tana yin fata, ɗan tsohon nan mai sayar da rake da ke cikinsu har cikinsa yana ƙugi ana ji. Baba ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ka san shi, zai iya jure yunwarsa, amma ba zai iya zama a ce saboda shi mutane suka kwana da yunwa a ƙofar gidansa ba. Ya ce, "To ku ci, Allah ya kai mu."

Mu uku muka tafi. Sista ta tarbe shi da gaisuwa har ƙasa, ta auna shi, na ga ta dubi sikelin ta dubi katinsa. Sai ta ce in ɗan jira a waje, Malam ya zauna. Sun daɗe. Malam ya gaya mini daga baya cewa kofin shayi ta ɗauko ta tsiyaya masa ruwan buta guda, ya cika ya zube a tire, ta ce, "Baba, abin da kake yi wa cikinka ke nan." Ta ce masa da wuya wanda aka yi wa aikin nan bai gamu da wannan ba, har manyan malamai da masu rawani, kuma kunnenta ya saba, babu abin da zai faɗa da zai zama sabo.

Jininsa ya yi ƙasa, an yi masa allura, kuma za a riƙa yi. Ta kai shi wurin likita aka ɗauki hoton ciki. Sakamakon bai fito ba. Na tambaye ta a gefe ko ciwon ne, ta ce ba ta ga alamar da ta fi tsoro ba, amma ba za ta yi mini alkawarin abin da ba ta gani ba. Don haka kada ka karanta wa mutanen rumfa wannan. Farin yadin yana nan a gefen katifa, bai ce a mayar ba, ni ma ban taɓa ba.

A ciyayya yanzu ƙaramin kwanon ake fitar masa da shi, Malam da kansa yake ɗiba masa. Na rana kuwa wani lokaci ya ci, wani lokaci ya dawo da shi. Ya koma cin girkina, amma magana har jiya ba ta wuce amsa sallama ba.

Jiya da hantsi Sista ta kira. Ina tsakar gida ina tsince wake. Na ji ta ce, "Baba, ya jiki?" Sai na ji ya ce, "Babu sauƙi, 'yata. Jiya na sha fura, ta kayar da ni."

Baban Ilham, tun da aka yi aikin nan ban ji magana mai daɗin wannan ba. Na sunkuyar da kai ina hawaye a cikin waken.

Ta ci gaba da tambaya, yana amsawa, yana inda-inda. Da ta zo kan tambayoyin nan masu nauyi sai ya yi gyaran murya, ya ɗaga labule, ya miƙo wayar ba tare da ya dube ni ba. Ya ce, "Zuliha, zo ki gaya mata. Kin fi ni riƙewa."

Na goge hannuna na karɓa.

Matarka,
Zuliha